Injina Ne a Fim Ɗin, Amma Muryar Ba Tawa Ba Ce

Zuwa ga Shugaban kwamitin alƙalan da za su raba kambun finafinan Hausa na bana, da kuma Daraktan fim ɗin da aka ɗauka a rumfar injina.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ku da iyalanku da abokan aikinku.

Ranka ya daɗe Shugaba, ba ka san ni ba, ko da yake an gaya mini ka kalli fuskata fiye da sau ɗaya. Sunana Habu, a garinmu ana ce mini Habu Mai Inji. Ina zaune a wani ƙauye cikin ƙasar Minjibir. Ba zan ambaci sunan ƙauyen ba, baƙin da muke samu yanzu ma sun ishe mu. Ina noma gero da dawa da gyaɗa kamar kowa, amma abin da aka san ni da shi injin niƙa ne, wanda na gada wurin mahaifina. Tun ban fara gemu ba nake yi wa matan ƙauyenmu da na ƙauyukan kewaye niƙa da markaɗe, yau ga shi gemun ya yi furfura. Na gama firamare, na ɗan taɓa sakandare kafin rasuwar mahaifina ta dawo da ni gida. Rubutun nan da hannuna na yi shi, inda aka ga kuskure a yi mini afuwa.

Makon jiya wani bawan Allah ya zo daga ofishinku da kati a cikin ambulan. Ya ce sunana ya shiga cikin waɗanda ake duba ba wa kambun sabuwar fuska, saboda fitowar da na yi a fim ɗin nan na binciken kisa da ake ta maganarsa a rediyo da waya. Yana faɗa yana murmushi, yana jiran ya ga murnata. Na shimfiɗa masa tabarma, aka kawo masa fura, na ce ya koma, zan ba da amsa a rubuce. Ga amsar. Na yi ta a buɗe ne domin abin da aka yi mini a bainar jama'a aka yi shi, kuma na nemi a gyara shi a ɓoye ban samu ba. Ba zan kira sunan fim ɗin ba, ba kuma zan kira sunan kowa cikin masu shi ba. Wanda ya kalla ya san abin da nake nufi.

Na farko, yadda aka shigo rumfata.

Da kakar bara waccan, bayan an kai amfanin gona gida, mai unguwarmu ya zo da wasu baƙi a motoci biyu. Ya ce 'yan fim ne daga Kano, suna son aron rumfar injina na yini ɗaya. Daraktan mutum ne mai ladabi, har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ni. Na tambaye shi labarin me za a yi. Ya ce, "Baba, labarin hatsi ne, tun daga gona har tukunya." Yanzu da na kalla na san bai yi mini ƙarya ba, amma bai faɗa mini gaskiya ba. Sun sallame ni da abin da suka ga ya dace, na karɓa na yi godiya, kuma ba maganar kuɗi ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Ba a karanta mini labarin ba, ba a ba ni wata takarda na sa hannu ba. Ni ma ina da nawa laifin, don ban matsa da tambaya ba. Na ga mai unguwa a gaba, na ga ladabi, na sakankance.

Ba ni ne ma aka shirya zan fito ba. Sun zo da nasu ɗan wasan, dattijo mai kirki, aka sa masa tsohuwar riga aka barbaɗa masa gari a kai. Sai dai injina tsoho ne, da hannu ake murɗa ƙarfe a tayar da shi, kuma yana da hali. Dattijon ya murɗa sau biyu, a na uku ƙarfen ya dawo ya buge shi a wuyan hannu, nan take ya kumbura. Rana tana tafiya. Daraktan ya dube ni ya ce ko zan taimaka in tayar, in tsaya a wurin kamar yadda na saba, ba sai na ce komai ba. Baƙo ya ji ciwo a rumfata, kunya ta kama ni, na ce to.

Na biyu, kallon da ake yabo.

Na ji masu sharhi a rediyo suna cewa kallon da mai inji ya yi wa jami'ar bincike kafin ya rufe ƙofa shi ne ƙashin bayan fim ɗin. Wani ya ce ya ga nadama da tsoro da taurin kai duk a cikin ido ɗaya. Ranka ya daɗe, bari in gaya maka abin da ke cikin idon.

Masu ɗaukar hoto sun ce suna son ƙarar inji amma ba sa son ƙurar gari, za ta ɓata musu kyamara. Saboda haka aka ce in tayar da inji babu hatsi a ciki. Duk wanda ya san wannan sana'a ya san cewa a cikin inji akwai faranti biyu na ƙarfe da ke murƙushe hatsi, kuma idan babu komai a tsakaninsu junansu suke ci. A makon ne na kai su aka wasa mini. Na ce a bar ni in zuba ko dusa ce, aka ce Baba minti ɗaya ne. Minti ɗayan nan aka yi ta maimaitawa, a tayar a kashe, a tayar a kashe, tun ina ƙirgawa har na daina. Ina tsaye ina jin ƙarfe yana cin ƙarfe kamar a haƙorina. A cikin wannan hali daraktan ya ce in ɗaga kai in dubi matar da ke bakin ƙofa, sannan in turo ƙofar. Na dube ta, na turo ƙofa. Kallon ke nan. Mutum ne yana jin kayan sana'arsa suna lalacewa, yana kuma jin nauyin yi wa baƙi magana.

Sai kuma kalmar da ta fi kallon yawo. A fim ɗin, lokacin da mai inji ya sunkuya ya ba kyamara baya, ana jin sa yana cewa, "Ni dai niƙa aka kawo mini." Na rantse da Allah wanda raina ke hannunsa ban faɗi wannan magana ba, ba a ranar ba, ba kafinta ba. Na sunkuya ne in kashe inji. Muryar wani aka ɗora a kan bayana. Har yau ban san mai muryar ba, kuma na sa an duba mini jerin sunayen da ke ƙarshen fim, ba a rubuta shi ba.

Na uku, ranar da na kalla.

Bayan sun tafi na manta da su. Damina ta zo ta wuce. Wata rana na je tasha zan shiga mota, sai na ji direbobi suna ta jefa wa juna wata magana suna dariya. An ce wa wani me ya sa ka ɗora wa mota kaya fiye da kima, ya ce shi dai niƙa aka kawo masa. Na yi dariya tare da su, na ɗauka sabon salon magana ne irin wanda kan zo ya wuce. Ban san a bakina aka sa ta ba.

Maƙwabcina Malam Sani, malamin firamare ne kuma abokina tun muna yara, shi ya zo ya same ni a rumfa ya ce, "Habu, rufe injin nan, akwai abin da ya kamata ka gani da idonka kafin wani ya ba ka labari." Ranar kasuwa ce. Muka je cikin Minjibir bayan azahar, muka shiga wani gidan kallo na kwano mai bencina, muka zauna can baya. Wurin ya cika har ana tsayuwa.

Zan yi adalci, don Allah yana son mai adalci. Fim ɗin ya yi kyau. Labarin wani attajirin ɗan kasuwa ne da ke sayen irin shuka wanda aka sa wa maganin ƙwari, ya cakuɗa da hatsin ci, ya kai a niƙa a ɓoye, ya sayar da garin. Mutane suka mutu a wani gidan biki. Wanda ya so ya tona asiri aka kashe shi. Wata jami'a ta bi sawun garin buhu bayan buhu. Inda aka biyo ta da gudu cikin karan dawa, na manta da kaina, na miƙe tsaye tare da mutane muna ce mata ta bi ta hagu. Wani a gabana har hularsa ya cire yana murzawa. Tsawon lokacin nan ina tambayar kaina abin da ya sa Malam Sani ya kawo ni.

Sai ga darbejiyar ƙofar rumfata. Sai ga allon da ke sama da ƙofa, da sunana a rubuce ɓaro-ɓaro. Sai ga ni. A labarin, a nan ake niƙa gubar, kuma mai injin ya sani, an toshe masa baki ya yi shiru. Da aka faɗi maganar nan aka rufe ƙofa, mutumin da ke zaune kafaɗa da kafaɗa da ni ya ce, "Allah ya isa tsakaninmu da tsohon nan, ya fi attajirin mugunta." Wasu suka amsa da amin. Wasu suka yi tafi.

Da aka buɗe ƙofa haske ya shigo, wani ya gane ni. Kafin mu kai bakin titi an kewaye mu. Wannan ya riƙe hannuna, wancan ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto, ana cewa in maimaita maganar. Na ce ban taɓa faɗarta ba. Suka fashe da dariya, suka ce ka ji, har yanzu yana cikin wasan. Abin da ya fi tsaya mini shi ne wani dattijo sa'ana da ya ja ni gefe ya tambaye ni a hankali, babu wasa a fuskarsa: "Amma dai daga baya an kama ka, ko?"

Kada a ce dattijon nan wawa ne. A farkon fim ɗin an rubuta, an kuma faɗa da baki, cewa labarin ya samo asali daga abubuwan da suka faru. Sauran masu fitowa duk sanannun 'yan wasa ne, kowa ya san gobe zai gan su a wani fim da wani suna. Ni kaɗai ne ba a sani ba, ni kaɗai na fito da sunana na gaskiya, a ƙofar sana'ata ta gaskiya. To mai kallo me zai ɗauka?

Na huɗu, abin da ya biyo baya a gida.

Fim ɗin bai tsaya a gidan kallo ba. Masu tura finafinai a waya suka kawo shi, ya shiga gida gida, mata suna haɗa kai su kalla a tsakar gida. A da, da hantsi, layin ƙwarya da bokiti yakan tashi daga bakin injina ya kai gindin darbejiya. Sannu a hankali ya riƙa gajarta. Ƙauyukan nesa, inda ba a san ni sosai ba, su suka fara ɗaukewa. Mutanen garinmu sun san ni, sun san ubana, da farko wasa suka mayar da abin.

Sai aka yi wani biki a wata unguwa da ke gabas da mu, mutane da dama suka kwanta da ciwon ciki. Ma'aikatan lafiya sun zo sun duba, suka ce daga ruwan wata rijiya ne. Garin bikin ma ba a wurina aka niƙa shi ba. Amma tambayar farko da ta fito daga bakin mutane ita ce, a ina aka yi niƙa? Daga ranar abin ya daina zama wasa. Babu wadda ta zo ta zarge ni a fuska. Sai dai a gaishe ni da mutunci a wuce da ƙwarya a ka. Wata tsohuwa da na yi wa niƙa shekara da shekaru ta ce mini ta san fim ne, amma zuciya ba ta da ƙashi, idan ta ɗebi garin sai hoton gidan bikin nan ya faɗo mata.

Akwai abu ɗaya da ban so in rubuta ba, amma idan na bar shi ba za a gane nauyin maganar ba. Ina da yaya, Hajara, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye ni. Mijinta ya rasu, da ƙosai da koko take riƙe da gidanta. Tun da ta fara sana'ar a wurina take markaɗen wake. Wata safiya na hau babur zan je duba wata gona, sai na hango mace a kan turbar da ke zuwa ƙauyen da ke yamma da mu, da bokiti a ka, tana sauri. Tafiyarta na gane. Na tsaya a gabanta. Wake ne jiƙaƙƙe a bokitin, ruwansa yana zubo mata a wuya. A can ƙauyen akwai wani mai inji.

Ba ta yi mini kwana-kwana ba. Ta ce, "Habu, ni na goye ka, na san abin da za ka iya da wanda ba za ka iya ba. Amma masu sayen ƙosaina ba su goye ka ba. Kullum sai an tambaye ni inda na yi markaɗe. Jiya rabin ƙullun na dawo da shi gida."

Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce mako uku ke nan, tana fita da wuri don kada in gani. Na sauke bokitin na ɗaure a babur, na ce ta hau. Na kai ta har ƙofar wancan mai injin, na tsaya a waje ina jin nasa injin yana markaɗa waken yayata, sannan na dawo da ita gida. Ranka ya daɗe, ban san ko a cikin finafinan da kake dubawa akwai wanda aka nuna irin wannan ba. Ni dai a kaina ya faru, kuma babu kyamara a wurin.

Ban da wannan, akwai baƙi. Samari da 'yan mata daga birni sukan zo a mota, musamman ranakun hutu. Su tsaya a ƙofar rumfata su yi hoto, su rufe ƙofar su buɗe kamar yadda suka gani, su faɗi maganar nan su yi dariya. Yawancinsu ba su da mugun nufi, suna gaishe ni da girmamawa, wasu har tsaraba suke kawowa. Amma duk motar da ta tsaya, matan da ke kallo ta kan katanga ƙara tabbata suke yi cewa nan ne wurin. Wani ya ce in sayar masa da allon sunana ya rataye a ɗakinsa. Ban sayar ba. Na cire shi na kai cikin gida na kife.

Na biyar, ƙoƙarin da na yi kafin in rubuta wannan.

Na kai kuka wurin mai unguwa, ya ji kunya ƙwarai, ya raka ni wurin dagaci. Limaminmu ya yi magana bayan sallar Juma'a a kan zato da cin naman ɗan'uwa, ya ambaci sunana ya wanke ni. Na kwance injin gaba ɗaya a fili, na wanke kowane ƙarfe mutane suna kallo. Wasu sun dawo, Allah ya saka musu da alheri. Amma liman a masallacinmu kaɗai ake jin sa, fim kuwa yana cikin aljihun kowa.

Sau biyu na shiga mota na je ofishin masu fim ɗin a Kano. Zuwan farko aka ce daraktan yana wurin ɗaukar wani sabon aiki. Zuwa na biyu na zauna a kan benci daga hantsi har la'asar. Matar da ke karɓar baƙi ta yi mini kirki, ta kawo mini ruwa, ta ce, "Baba, ai kai yanzu tauraro ne, wasu nema suke yi ba su samu ba." Na bar saƙo da lambar wayar Malam Sani. Har yau ba a kira ba.

A zaman nan ne na haɗu da dattijon da ƙarfen inji ya buga. Shi kaɗai na ga kunya a fuskarsa. Ya ce lokacin da ake haɗa fim ɗin ya ba da shawara a rufe sunan da ke jikin allo, aka ce masa allon ne ya sa wurin ya yi kama da gaske. Ya ce in na so in faɗi haka a ko'ina, shi ba zai musa ba. Sun yi gaskiya, ya yi kama da gaske. Abin da ya cuce ni ke nan.

Na shida, maganar kambu.

Malam Sani yakan karanta mini abin da mutane ke rubutawa a waya. Wasu na cewa fim ɗin zai kwashe kambun bana kaf, wasu na cewa akwai wani da zai ba shi wahala, ana ta musu har da zage-zage. Ni ban zo in shiga wannan musu ba, kuma ban roƙi a hana fim ɗin komai ba. Matar da ta fito a jami'a ta yi aiki, na ga yadda ta yi ta gudu a cikin kara har ƙafarta ta yi jini, in an ba ta ta cancanta. Mai ɗaukar hoto ya sa rumfar da na yi rayuwata a ciki ta yi kyaun da ni ban taɓa gani ba. Abin da fim ɗin ke gargaɗi a kai ma gaskiya ne, mu manoma mun san haɗarin irin shuka mai magani, kuma ni da kaina na sha mayar da hatsin da na ji warinsa bai yi mini ba.

Amma nawa kambun ba na so. Kambun wasa na wanda ya yi wasa ne, ni kuwa ban yi ba. Sauran da aka jera sunana da nasu sun haddace magana, sun sha rana, sun sa rai. Idan aka tsallake su aka ba mutumin da ke jimamin farantin injinsa, an zalunce su. Idan kuma maganar nan ce ta burge alƙalai, a nemo mai muryar, shi ya faɗe ta.

Malam Sani bai yarda da ni ba, mun yi kwana uku muna ja. Ya ce in karɓi gayyatar, in hau dandamali, idan an miƙa mini abin magana in faɗi gaskiya duniya ta ji. Na auna maganarsa sosai, don mai hankali ne kuma masoyina ne. Abin da ya hana ni shi ne, mutanen da za su zauna a wannan zaure ba su ne suka daina kawo mini niƙa ba. Su sun riga sun san wasa ne. Za su tafa mini, su ce tsohon yana da ban dariya, gobe a yanko wurin a tura a waya, matan ƙauye su ga mai inji ya sa babbar riga ana ba shi kyauta a kan abin da ya yi. Sannan in ni na wanke kaina, mai laifi ma ai haka yake yi. Wanda ya ɗaure kura shi ya kamata ya kwance ta.

Saboda haka ga abin da nake roƙo.

Daga kwamiti, a cire sunana daga takara tun kafin ranar taro, a kuma faɗi dalili. Idan duk da haka aka kira sunana a zauren, kada kowa ya tashi ya karɓa a madadina, ban wakilta kowa ba. Ina kuma roƙon nan gaba, kafin ku ba fim kambu, ku riƙa tambaya ko mutanen gari da aka nuna fuskokinsu da ƙofofinsu an gaya musu a matsayin me za su fito. Tambaya ɗaya ce, ba za ta ci muku lokaci ba.

Daga masu fim, a rufe sunana a jikin allon a duk inda za a sake nuna shi. A sa bayani a farkonsa cewa mai injin da rumfarsa ba su da alaƙa da labarin, kuma muryar ta wani ce. A faɗe shi da baki, kada a tsaya a rubutu, domin yawancin matan da nake yi wa niƙa ba sa karanta boko. Na san wanda ya riga ya shiga waya ba zai dawo ba, shi ya sa roƙona na ƙarshe ya fi sauran muhimmanci a wurina.

Malam Darakta, da kai nake yanzu. Ba na gaba da kai. Na ɗauka ba ka zauna ka ƙulla cutar da ni ba, aikinka ka duba, ba ka duba wanda ke tsaye a cikinsa ba. Ka san hanyar garinmu, ka zo da motoci biyu ba ka ɓata ba. Ka sake zuwa ranar kasuwa da hantsi, lokacin da mutanen ƙauyuka ke wucewa ta ƙofata. Ka zo da kyamararka idan ka so, a ɗauka a tura ta hanyar da aka tura wancan. Za a kira mai unguwa da liman. Zan zuba dawa a inji a gabanka, a niƙa, a kai cikin gida a tuƙa, a kawo a ajiye a ƙofar rumfa. Mu wanke hannu ni da kai mu ci a kwano ɗaya mutane suna gani. Idan ka kai loma bakinka, ba sai ka yi dogon jawabi ba, kuma ni daga nan na yafe.

Allah ya yi wa Shugaba da alƙalansa jagora, ya ba ku ikon ba kowa haƙƙinsa, ya tsare ku daga shaidar abin da ba ku sani ba. Allah ya ƙara wa Darakta basira, ya albarkaci aikinsa, ya sa a yabe shi a kan abin da ba zai ji kunyarsa gobe ƙiyama ba. Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya, ya bar kowa da sana'arsa da mutuncinsa.

Wassalam.

Naku,
Habu Mai Inji,
daga ƙasar Minjibir.